DA MUGUWAR RAWA GARA ƘIN TASHI: Kwananmu a Jibiya

Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda muka yi zuwa ƙasar Nijar ta kan iyakar Jibiya a daminar shekarar 2022. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, domin kuwa ni ce marar gaskiya a cikinsa, har yau in na tuna abin da bakina ya faɗa wa wani bawan Allah a ranar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. To amma an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, wataƙila wata ta karanta ta tsira daga irin wautata.

'Yar ƙanena aka ɗaura wa aure a nan Kano da wani yaro ɗan kasuwa, mutumin ƙasar Maraɗi, mai zuwa Kantin Kwari sarin atamfa da shadda. A shagon mahaifinta ya fara ganinta ranar da ta kai abincin rana, tun daga nan sarin nasa ya koma duk sati biyu maimakon duk wata, har Allah Ya nufa aka kai ga shafa fatiha. Gidan iyayensa yana wani ƙauye ne a yankin Madarumfa, can aka ce a fara kai amarya ta yi kwana bakwai kafin su tare a cikin garin Maraɗi. Ni ce babbar gwaggo, don haka ni aka danƙa wa amanar kai ta. Mu 12 muka shirya: ni da amarya, da ƙannen uwarta biyu, da ƙawayenta, da wata tsohuwa mai guɗa, sai namiji tilo da aka haɗa mu da shi, wato Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, dattijo mai shekara 70 da ɗoriya wanda ya ƙare aikinsa na gwamnati a ofishin awon yanayi na filin jirgin saman Kano.

Ango ne ya aiko mana da bas da direbanta, wani Bakatsine mutumin Jibiya, dogo baƙi marar son magana, gemunsa ya fara furfura. Tun daren Juma'a ya iso, ya roƙe mu don girman Allah mu fito ƙarfe bakwai na safe, ya ce damina ce kuma hanyar ba ta son dare. To kun dai san halinmu in ana biki. Wannan tela bai kawo mata ɗinki ba, waccan lallenta bai bushe ba, amarya ta ƙanƙame uwarta sai kuka take, ga lodin gara da ba ya ƙarewa, buhuna da jarkokin mai, bokitan alkaki da nakiya da dubulan, aka ɗaure katifa a saman mota aka lulluɓe ta da tamfol. Direba yana zaune a kan benci, ya dubi agogo ya dubi sama, bai ce mana uffan ba. Ba mu bar ƙofar gida ba sai da sha biyun rana ta gota.

Hanyar kam ta yi daɗi. Muka wuce Dawanau da Bichi da Tsanyawa, muka shiga ƙasar Katsina, muka bi ta Kankiya da Charanchi. Watan Agusta ne, ko'ina kore shar, gero ya fitar da kai, dawa ta kai tsayin mutum, yara a bakin titi suna ɗaga mana gasasshiyar masara. 'Yan mata sai waƙe-waƙe suke suna tsokanar amarya. A Katsina muka tsaya muka yi sallah muka ci abinci, nan ma sai da muka ɓata kusan awa guda don wata ta ce sai ta leƙa ƙawarta a Ƙofar Ƙaura. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, sai dai shingayen jami'an tsaro suna da yawa, saboda yankin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kowa ƙoƙarinsa ya kai inda za shi tun da sauran rana. Muka wuce Daddara, wajen ƙarfe biyar na yamma muka iso Magama.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Magama ita ce mararraba. Hanya ɗaya ta miƙe zuwa cikin garin Jibiya ta wuce har Ƙauran Namoda a Jihar Zamfara, ɗaya kuma ta karya arewa ta nufi kan iyaka, ta shiga Ɗan Isa ta ɓulle Maraɗi. Wurin cike yake maƙil. Ga manyan motoci a jere, ga 'yan kabu-kabu, ga 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu, ga 'yan canji riƙe da damin naira da sefa suna kiran "Hajiya jika nawa?" domin a can dubu ɗaya ta sefa jika ake ce mata. Mata masu fura da kwaɗon zogale sun kewaye motarmu, da masu dabino da cuku. A lokacin wata huɗu ke nan da sake buɗe iyakar, don tun Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. An ma sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Duk wannan rufewa da buɗewa ba ta raba mutanen wurin da danginsu ba, don tushen ɗaya ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe arewa suka yi suka kafa sarautarsu a Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, ga auratayya irin wadda ta kawo mu.

Direba ya karɓi katunanmu ya fita don a duba takardu. Shiru-shiru bai dawo ba. Na leƙa ta taga sai na hango shi tsaye a bayan wata rumfa, waya a kunne, fuskarsa tana kallon gabas, Kawu yana gefensa ya harɗe hannuwa a baya. Sai a sannan na lura iskar da take kaɗawa ta ɗauke ɗif, zafi ya sauko kamar an kifa mana tukunya. Can gabas kuwa hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, a gindinsa ga wata jar ƙura ta tokare kamar katanga, walƙiya tana wasa a ciki.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Yau dai ba mu ƙetarewa."

Na ce, "Ban gane ba. Takardun ne ba su cika ba?"

Ya ce, "Takardu lahiya lau. Hadarin ga ne. Kwalta tana kai mu har gaban Ɗan Isa, daga nan sai mu sauka mu bi turɓaya, kuma akwai korama guda da babu gada, ta cikinta ake bi. Na kira wani ɗan'uwana direba da ke can, ya ce tun la'asar ake ruwa gabas da su. Kahin mu kai duhu ya yi, ruwan kau ya iso."

Na ce, "To ai da bakinka ka ce gabas da su ake yi, ba a kansu ba."

Ya ce, "Hajiya, korama ba ruwan kanta take ɗauka ba, na wasu take kawowa."

Jama'a, nan fa idona ya rufe. Wayata sai ƙara take, ango ya kira ya fi sau biyar, ya ce an yanka sa, an tuƙa tuwo, makaɗa sun iso tun azahar, duk ƙauyen an fito ana jiranmu. Amarya da ta ji zancen kwana a hanya sai ta fashe da sabon kuka, ƙanwar uwarta kuma tana raɗa mini a kunne wai me dangin miji za su ce, an fito da yarinya daga gidan ubanta ta kwana a tasha, ai abin gori ne har jikoki. Ga motoci ina gani da idona suna wucewa suna shiga Nijar. Na dubi bawan Allahn nan, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, na ce in ƙarin kuɗi yake so ya faɗa kawai ya daina fakewa da hadari. Na ce waɗancan direbobin da suke wucewa su ba maza ba ne? Na ce da mun san matsoraci aka aiko mana da mun ɗauko motarmu tun daga Kano. Na faɗi wasu ma da ba zan iya rubutawa a nan ba.

Wallahi bai ɗaga murya ba. Ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce, "Ki yi ta faɗa Hajiya, na ji na ɗauka. Waɗancan cikin Maraɗi za su, kwalta ce har gida. Ni ɗiyan mutane aka ba ni amana, ba ni shiga korama da su cikin dare ko da motar ga za a ba ni kyauta. Gidana na nan cikin Jibiya, akwai ɗaki, ku zo ku kwana."

Na juya wajen Kawu don ya sa baki, sai ya ce, "Uwar biki, shiga mota. Ba direba ne ya makarar da mu ba, ke ma kin san waɗanda suka makarar da mu." Ya karɓi wayata ya kira ango da kansa, ya ce a ba shi mahaifinsa, suka yi magana ta manya.

Ko minti goma ba mu yi da juyowa ba ta cim mana. Ƙurar ce ta fara isowa, gari ya yi ja sannan ya yi duhu kamar an yi magariba, iska ta dinga jijjiga bas ɗin, tamfol ɗin katifa yana kokawa da igiya, muna kallo kwanon wata rumfa ya tashi sama kamar takarda. Muna tsayawa a ƙofar gidansa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kafin mu shige zaure mun jiƙe sharkaf, lungun ya zama rafi.

Matarsa, wata mace mai fara'a, ta karɓe mu kamar ta shekara tana jiranmu. Ta bar wa amarya ɗakinta da gadonta, ta ɗora tukunya ta tuƙa mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Bayan isha'i muka taru a babban ɗaki, wuta ta ɗauke, fitilar caji ɗaya a tsakiya, ruwa yana dukan kwano ba ƙaƙƙautawa. Ni dai na haɗe rai ina gefe. Ƙanwar uwar amarya ta ce ita fa har yanzu gani take da mun tafi da mun isa, ai abin da Allah Ya rubuta wa bawa ba ya wuce shi, ko a kan gado ma ana mutuwa.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Gaskiya kika faɗa, amma rabinta kika faɗa. Bari in ba ku labarin jirage uku. Na farko ban gani ba, a bakin manyanmu na ofis na ji, kuma yana cikin takardu. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano da yamma, za shi Tarabulus ya wuce Landan, da mutum 45 a ciki. Akwai hadari a kusa, matuƙin ya gan shi, ya auna yana ganin zai kauce masa. Yana barin ƙasa kaɗan ya shiga ruwa mai ƙarfi, jirgi ya ƙi hawa, ya dinga saukowa har ya daki bishiya. Mutum 32 suka rasu."

Wata ƙawar amarya ta ce, "To Kawu, me ya jawo shi ƙasa?"

Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa kaɗan a kan siminti, ruwan ya daki ƙasa ya bazu ta ko'ina. Ya ce, "Kun ga wannan? Haka iska mai sanyi take zubowa daga cikin hadari, ta daki ƙasa ta watsu. Jirgin da ya shige ta, da farko ta gabansa take zuwa, sai ya ji ya ƙara ƙarfi. Cikin 'yan daƙiƙu sai ta danno shi daga sama, sannan ta koma ta bayansa, ƙarfin da ke riƙe da fukafukansa ya zube. Ƙurar nan da ta same mu ɗazu, iskar da hadari ya zubo ce ta turo ta. A 1956 ba a gama sanin wannan ba, sai a shekarun 1970 wani masani ɗan Japan mazaunin Amurka mai suna Fujita ya yi bayaninta sosai. Wancan matuƙin bai san abin da ya shiga ba.

"Na biyu ina wurin, ina sabon ɗauka. Ranar 22 ga Janairu 1973, lokacin hunturu, jirgin wani kamfani na ƙasar Jodan da aka yi haya ya kwaso alhazai daga Jidda za shi Legas. Yanayi ya ɓaci a can, aka karkato shi Kano, nan ma ya tarar da iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kama da wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu." Ya yi shiru ya share fuska da hannu, tsohuwa mai guɗa tana ta salati, ta ce ta tuna ranar, a unguwarsu ma an yi zaman makoki. Ya ci gaba, "Wannan ya guje wa wani yanayin ne ya tarar da wani. Don haka ban ce taka-tsantsan yana sayen rai ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare.

"Na ukun duk kun sani. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, jirgin da ya tashi daga Abuja za shi Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Mutum 105 ya ɗauka, 96 suka rasu. A lokacin an san iskar nan sarai, ana koyar da ita a makarantar tuƙi. Rahoton masu bincike ya ce matuƙan sun yanke shawarar tashi alhali sun san yanayin ba kyau, da iskar ta kama su kuma ba su bi matakin da ake bi a fita daga cikinta ba. Hadari irin wannan ba ya daɗewa a wuri ɗaya, sau da yawa jiran rabin awa ko awa guda ya isa ya wuce.

"Shekara 35 na yi ina miƙa wa matuƙa takardar yanayi. Mu namu mu faɗa, tashi ko zama galibi yana hannun matuƙi. Na ga waɗanda suka karanta suka ce a sauke kaya sai gobe, fasinja su cika ɗakin jira da zagi, masu manyan riguna su yi ta barazana. Ba wanda ya taɓa ba su lambar yabo, don jirgin da bai tashi ba ba ya shiga labarai. Malamai kuwa sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Yana faɗa yana kallon fitila, amma ni na san da wa yake.

Dare ya yi nisa barci ya ƙi zuwa, na fito baranda na tarar da matar gidan tana tarar ruwan indararo. Na ce ta yi haƙuri da ɗawainiya. Ta ce ba komai, sannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, kar ki ga laihinshi. Kin ji labarin ruwan da aka yi nan shekara huɗu da suka wuce?" Na ce na ji a rediyo. Ruwan nan ne na daren Lahadi 15 ga Yuli 2018 wayewar Litinin, wanda ya ci fiye da mutum 40 a Jibiya, ya rushe ɗaruruwan gidaje, har a cikin ƙasar Nijar aka tsinto gawarwakin wasu. Ta ce a lokacin kusa da gulbi suke zaune. Cikin dare suka farka ruwa yana iya gwiwa, kafin su fitar da yara ya kai ƙirji. Shi ya dinga ɗaukar yaran ɗaya bayan ɗaya yana kai su tudu, nasu duka suka tsira, amma yaron maƙwabcinsu da ya riƙo a hannu ruwa ya fizge shi. Ta ce, "Tun ran nan in hadari ya haɗo ko abinci bai iya ci." Na rasa bakin magana. Mutumin da na kira matsoraci a gaban jama'a ke nan.

Gari ya waye tas kamar ba a yi komai ba. Na ce mu kama hanya, direba ya ce a bari sai hantsi korama ta zubar da abin da ta ɗauko. Wannan karon ban ce ƙala ba. Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, tun da sassafe amalanke da motoci da masu koro dabbobi suke kwararowa, har da mutanen Nijar. Kawu ya ce tunda akwai lokaci a kai shi ya ga dam, ni kuma na bi su ina neman hanyar da zan ba da haƙuri. An gina madatsar ne a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980 saboda noman rani da ruwan sha. Ruwan da ya wuce ta shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta yankin Madarumfa da Maraɗi, ya karkata yamma, ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Direba ya ce shi kam gulbi ba a tambayarsa takarda a kan iyaka, kuma tsohon garin Maraɗi ma a cikin kwarinsa yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka mayar da garin kan tudu.

Ruwan dam ɗin ya kwanta luf kamar madubi, kana ganin gajimare a cikinsa, ga masunta can nesa a kwalekwale. Na ce kai, wurin nan da kyau yake. Kawu ya ce akwai wurare irin Kanada da Alaska ta Amurka inda ƙauyuka da yawa ba su da hanyar mota, ƙananan jiragen sama masu ƙafafu kamar kwalekwale biyu su ne motar hayarsu, a kan tafki irin wannan suke sauka su tashi. Ya ce, "Can a daji babu hasumiya, babu irina mai miƙa takarda. Matuƙi shi kaɗai zai kewaya ya dubi fuskar ruwa ya gane inda iska ta dosa, ya duba ko akwai kututture ko dutse. Kuma kin ga kwanciyar nan da ta burge ki? Tana cikin abubuwan da suke tsoro, don in ruwa ya zama madubi ido ba ya iya auna nisansa, sai mutum ya zaci da saura alhali ya iso."

Ya ce har yanzu yana bin labaran aikinsu a waya. A ranar 25 ga Yuni 2015 wani jirgi irin wannan ya ɗauko 'yan yawon buɗe ido 8 a kusa da garin Ketchikan na Alaska. Lokacin komawarsu babban jirgin ruwan da ya kawo su ya matso, sai matuƙin ya bi gajeriyar hanya ta tsakanin duwatsu, gajimare ya rufe shi, ya daki dutse, duk su 9 suka rasu. Masu bincike suka ce cikin abin da ya ja shi har da ƙurewar lokaci, da kuma kwaikwayon waɗanda suka fi shi daɗewa a aikin, da yake ganin suna bi suna wucewa lafiya. Kawu ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Agogo, da ganin wasu sun wuce. Jiya da wanne kika matsa wa bawan Allahn nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Da duka biyun, Kawu."

Na juya wajen direba na russuna na ce, "Malam, don girman Allah ka yafe mini, jiya na ci maka mutunci ba ka yi mini komai ba." Ya kau da kai ya ce, "Haba Hajiya, wallahi ban riƙe ki ba. Uwar ɗiya duk haka take. Ai na saba." Wannan "na saba" ta fi komai yi mini ciwo, don ta nuna mini irina suna da yawa.

Wajen ƙarfe goma muka ƙetare. Jami'an Nijeriya suka duba mu, jandarmomi da 'yan duwan na Nijar suka duba, har suna yi wa amarya fatan alheri. Bayan Ɗan Isa muka sauka daga kwalta muka bi turɓaya tsakanin gonakin gero, sai ga mu a bakin koramar. Ruwan ya janye saura iya ƙwauri, amma ga shaidar inda ya kai a jikin bishiyoyi, ciyawa da leda sun maƙale daidai kafaɗata. Gaɓar da motoci suke gangarawa ta zaftare. A ƙasa kaɗan ga wata a-kori-kura kwance a gefenta, rabinta a cikin yashi. Mutanen wurin suka ce da magariba ta shiga, waɗanda ke ciki da ƙyar aka jawo su da igiya, kayan kuwa sun bi ruwa. Kawu ya ce masana sun auna, ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana iya tafiya da ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa har manyan jif. Ƙanwar uwar amarya ta dafe ƙirji tana ta innalillahi, ba ta sake zancen da mun tafi da mun isa ba.

Direba ya tuɓe takalmi ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana caccakar yashi har ya ƙetare ya dawo. Ya ce mu sauka mu taka da ƙafa, sannan ya shigo da motar a hankali ta inda ya gwada. Amarya da lallenta da komai ƙawaye suka rirriƙe ta aka tsallaka, tana dariya, karo na farko ke nan tun da muka baro Kano.

Gorin da nake tsoro kuwa ban ji shi ba. Uwar ango ta taro mu da guɗa tana hawaye, ta ce daren jiya ba ta runtsa ba, tsoronta kada mu ƙi jin magana mu taho. Tuwon jiya aka ɗumama, naman sa yana nan, makaɗa suka dawo aka sha biki har la'asar. Yanzu haka amarya tana ɗakinta a Maraɗi da ɗanta namiji.

'Yan'uwana mata, sau da yawa mu ne muke makarar da tafiya, mu ne kuma muke zama a bayan direba muna cewa ya taka mota dare zai yi. In maigida ya ce a fasa tafiya saboda hadari ko hazo ko duhu, ko kina filin jirgi aka ce an ɗage tashi saboda yanayi, kafin ki buɗe baki ki tuna da ni a Magama. Ni dai yanzu in za a kai amarya da ni, tun ƙarfe shida nake shiga mota in zauna, mai ɗaurin ɗankwali ta ƙarasa a hanya. Duk sallah kuma ina aika wa matar gidan nan na Jibiya da turmin atamfa, ita ma takan aiko mini da busasshen zogale.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na ruwa da na sama, Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya ba Jibiya da kewayenta zaman lafiya mai ɗorewa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.